Na Je Binciken Saurayin 'Yata, Ɗan Tsako Ya Tona Min Asiri

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarin gidana. Yau ku gyara zama sosai.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Na'inna. Shekaruna arba'in da bakwai, ina sayar da taki da irin shuka a Kebbe. Ina da 'ya, Rumasa'u, ita ce ta uku a ɗakin matata Atu, tana koyarwa a wata firamare. Akwai yaron da take so, Nu'umanu, mai gyaran waya a Tambuwal. Sau biyu yana zuwa zance gidana, kuma duk sau biyun da na ji ƙarar babur ɗinsa sai na bi ta ƙofar baya na fice, kamar yadda kowane uba mai kunya yake yi. Bai san fuskata ba, ni ma ban san tashi ba.

A gidanmu uba ba ya ba da auren 'yarsa, babban wa ne ke bayarwa. Nawa shi ne Yaya Malam Maccido, wanda ya riƙe makarantar mahaifinmu a Tambuwal, kuma shi ya raine ni bayan rasuwar tsoho. In ya ce e, an gama. In ya ce a'a, Rumasa'u ta riga ta faɗa wa uwarta ba za ta tsallake maganarsa ba, za ta haƙura ko da zuciyarta za ta tsage.

Ranar Asabar ya kira ni a waya.

"Na'inna, an ce min yaron nan ba gyaran waya kaɗai yaka yi ba. Shina da gem cikin shago."

Gem, wato wasan nan da yara ke bugawa a talabijin. Na ce, "Yaya, ai ɗan abin jan kasuwa ne."

"Ni zaka faɗa ma gem? Na san abin da yaka yi ma yaro da sallarshi da karatunshi. Ba labari anka ba ni ba, ga ƙanena na gani. Ran Juma'a zan ba da amsa."

Ƙanen nan da yake nufi, ni ne.

Bari in gaya muku abin da ko 'ya'yana ban taɓa faɗa musu ba. Ina shekara sha huɗu, wani mutum da ake ce wa Ɗangiwa ya dawo daga Legas da talabijin mai kala da wata na'ura, ya kafa su a wata rumfa bayan tasha, da ɗan janareto mai tari kamar tsoho. A cikin kaset ɗinsa akwai wani wasa da ba mu iya karanta sunansa ba, sai muka sa masa Ɗan Tsako. Wani ɗan tsako ne rawaya mai jajayen takalma, yana gudu yana tsalle. Kai jama'a! Mu da muka saba da jar ƙasa da bangon laka, sai ga sama shuɗiya kamar an tsoma ta a baba, ga ciyawa kore shar, ga yankan kankana jajir suna shawagi a iska yana cafkewa. Yana taka ƙaguwa, yana hawa gajimare, gada tana rushewa a bayansa, wani ɗan kiɗa yana tashi, tirin-tin-tin, tirin-tin-tin. In kaset ya ƙi kamawa sai Ɗangiwa ya zare shi ya hura masa iska, mu kuwa mu riƙe numfashi.

Mataki takwas ne a wasan. A na ƙarshe akwai kogin wuta, da tukwane uku suna lilo a kansa, can ƙetare kuma wata koriyar ƙofa. Duk Tambuwal ba wanda ya taɓa shiga ƙofar nan. Ranar da na kai tukunya ta uku, tsalle ɗaya ya rage min, rumfa ta cika maƙil ana kiran sunana, sai na ji an kama kunnena ta baya an ɗaga ni sama. Yaya ne. La'asar ta wuce, darasin yamma ya wuce, ni ban ma ji kiran salla ba. A kunne ya ja ni tun daga tasha har gida. Ban sake taka rumfar ba, ba da daɗewa ba Ɗangiwa ya tattara ya koma Legas. Da na kasa wuce aji uku a sakandare, duk dangi suka ce gem ne, ni kuma ban taɓa musawa ba.

To tun daga wayar Asabar ɗin nan abinci ya daina shiga min. Rumasa'u ta koma kamar inuwa a gida. Tana shara, tana tuƙa tuwo, amma ko rediyo ba ta kunnawa, wayarta kife a kan tabarma. Na ce a raina, wato laifin da na yi shekara talatin da uku da suka wuce shi zai hana 'yata mijin da take so?

Ranar Talata na yanke shawara. Tunda yaron bai san ni ba, zan je da kaina a matsayin mai kawo gyara, in ga irin zaman da ake yi a shagon. In na ga alheri, in je in durƙusa gaban Yaya in faɗa masa na gani da idona. In na ga akasi, in dawo in lallashi 'yata.

Na ajiye farar shaddata da hula zanna. Na jawo wata tsohuwar riga ruwan toka da nake zuwa gona da ita, wadda aljihunta ya yage, da hular saƙa da ta koɗe, da silifas. Atu tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, bincike zaka ko bara?"

"Ke dai ba ni wayarki wagga da ta mutu."

Ta ɗauko ta a cikin kwalla ta miƙo min tana dariya. "Ka dai riƙe girmanka. Uban ɗiya ba ya sakin baki gaban suruki."

"Ni ɗin? Minti goma zan yi in fito."

Ku riƙe wannan minti goman.

Muna wuce rabin hanya a mota saƙon Rumasa'u ya shigo wayata.

"Baba, shaddarka na rataye, rigar gona ba ta nan, wayar Inna ma ba ta nan. Dan Allah ina ka tafi?"

Na rubuta, "Sarin taki."

"Da wayar Inna?"

Na cusa wayar a aljihun wando.

Bayan azahar na isa. Shagon yana bakin titi, an shafa masa fenti shuɗi, ga faifan sola a kan rufi. Ciki tsaf. Gefe ɗaya tebur ne da kayan aiki, wayoyi jere kowace da sunan mai ita a manne. Ɗaya gefen benci ne da talabijin a bango, da wata takarda da aka liƙa a ƙarƙashinsa, wadda ban tsaya karantawa ba. Na lura babu yara ko ɗaya. Yaron yana zaune da ƙaramin tabarau, dogo, baƙi, da ɗan gemu a gyare, rigarsa a goge. Da ya gan ni ya miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa Baba. Ga wuri, zauna. Mi anka kawo?"

Na ba shi wayar ina sauya murya. Ya buɗe ta ya duba, ya ce, "Baba, ba wani abu ba ne, datti ne ya toshe wurin caji. Wani zai ce maka sai an sake batir, kar ka yarda. Ba ni ɗan lokaci."

Na ce a raina, maki ɗaya. Na fara tambayoyin da na shirya tun daga Kebbe. Ɗan gidan wa ne, ya faɗa. Ina yaran da ake cewa suna cika shagon?

"Sai an tashi Islamiyya suka zuwa, Baba. In na bar su yanzu, uwayensu sai su cinye ni ɗanye."

Maki biyu. Da a nan na karɓi wayata na tafi, da yau ina da sauran mutunci. Sai ya ce, "Kar zaman ya ishe ka," ya ɗauki rimot ya kunna talabijin. Wani ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, ya ce tsofaffin wasanni ne fal a ciki. Yana ta wucewa da hotuna, sai kawai na ji shi.

Tirin-tin-tin, tirin-tin-tin.

Wallahi shi ne. Ga shuɗiyar saman nan. Ga ciyawar. Ga shi tsaye da jajayen takalmansa yana kaɗa kai, ko furfura ɗaya bai yi ba!

"Tsaya! Koma baya! Ɗan Tsako!"

Ya juyo da mamaki. "Baba, ka san wanga?"

"Na san shi? Yaro, ba a haife ka ba nika taka ƙaguwar nan!"

Ya yi dariya ya miƙo min abin dannawa. "To bismilla. Amma ka yi hattara, ni da kaina mataki na biyar ya gagare ni."

Na ce zan ɗan taɓa ne kawai. Da farko yatsuna sun yi nauyi, ƙaguwar farko ma ta cinye ni, har wani ɗan kabu-kabu da ya shigo cajin waya ya ce, "Tsoho, ka bar ma jikoki." Amma a karo na uku sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Gudu, tsalle, kankana, tsalle. Gada na rushewa ina gaba. Na wuce mataki na biyu, na wuce na uku. Nu'umanu ya ajiye sukundireba ya dawo benci ya zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa.

A mataki na huɗu na ce masa, "Ka ga gajimaren can na ukku? Kalli."

Na hau, na sa Ɗan Tsako ya durƙusa. Sai ya nutse cikin gajimaren ya faɗa wani ɓoyayyen ɗaki mai ruwan hoda, cike da ƙwai na zinariya, kowane ɗaya ƙarin rai.

Yaron ya dafe kai. "La ilaha illallahu! Wata shidda nika buga wasan ga ban san da wanga ɗaki ba! Baba, kai wane ne?"

Na kusa faɗa masa. Allah ya taimake ni wata ƙaguwa ta taso.

Waya tana ta zuu a aljihun wandona, na leƙa da ido ɗaya.

"Baba, Inna ta faɗa min komai. Dan girman Allah kar ka tsorata shi, yana da kunya ƙwarai."

Mai kunyar nan a lokacin yana dukan cinyata yana ihu, "Tsalle Baba! Tsalle!" Ni kuma ina ce masa, "Matsa min, kana tare min haske!" Hulata ta faɗi ƙasa ban sani ba. Silifas ɗaya ya fice. 'Yan kabu-kabu sun kira 'yan uwansu, mai rake na gefe ya bar rakensa, ƙofar shago ta cika. Wanda ya ce in bar wa jikoki shi ne yake min fifita da kwali.

Na biyar. Na shida. Na bakwai, inda iska ke tura ka baya, na rasa rai huɗu. Sai allon ya koma ja.

Kogin wuta.

Jama'a! Ga tukwanen nan uku suna lilo, yadda na bar su. Can ƙetare ga koriyar ƙofa. Na hau tukunya ta farko, aka yi kabbara. Na hau ta biyu, mai rake ya ce, "Aradu tsohon ga aljani ne!" Na jira, na ƙirga lilon, na tashi, na dira kan ta uku. Rai ɗaya ya rage min. Tsalle ɗaya ya rage min. Na sa babban yatsa a kan maɓalli ina jira tukunyar ta kai ƙarshen lilonta.

Sai lasifikar masallacin bakin titi ta buɗe. Allahu akbar, Allahu akbar.

Ƙit! Allon ya yi baƙi.

Na ɗauka wuta ce ta ɗauke. Da na juya sai na ga Nu'umanu tsaye a jikin bango, hannunsa a kan soket.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kai! Mi ka yi? Mi ka yi min? Tsalle guda! Shekara talatin da ukku nika jiran tsallen ga! Kai wane irin yaro ne marar tausai?"

Ya rusuna, amma bai mayar da filogin ba. Ya nuna takardar nan da ban karanta ba. An rubuta da jan biro, in an kira salla za a kashe, ko wa ke bugawa.

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ni ma kamar in yi kuka. Amma in na ɗaga maka yau, gobe da wane baki zan kashe ma yara? Ko mahaifina ne haka zan yi. Mu je mu yi salla, in mun dawo ni zan zauna da kai har ka sake kaiwa."

"Minti guda fa! Daƙiƙa biyar!"

"Ka gafarce ni, Baba."

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ga mutanen ƙofa suna darewa suna gaisuwa. Wata murya da na fi sani fiye da tawa ta ce, "Na'inna."

Wallahi hannuna da kansa ya tafi ya rufe kunnena.

Yaya Malam Maccido ne, da farar babbar riga da rawani da sandarsa. Ya dubi kaina ba hula. Ya dubi ƙafata ɗaya ba takalmi. Ya dubi rigar gona. Ya dubi abin dannawa da ke hannuna har yanzu.

"Na zo binciken yaro," ya ce, "ashe uban ɗiya ne ke buƙatar bincike."

Nu'umanu ya san Malam, duk garin an san shi. Na ga yana haɗa lissafin a fuskarsa. Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya dubi hannunsa da ya yini yana dukan cinyata da shi.

"Na'inna... na Kebbe? Baban Ru..."

Bai ƙarasa ba. Ya zube ƙasa kan gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji. "Innalillahi. Baba, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Yaya ya ce, "Da ka sani, da ka bar shi ya yi tsallen?"

Na san auren 'yata yana rataye a kan abin da zai fito daga bakin yaron nan. Ya ƙara sunkuyar da kai. Sannan a hankali ya ce, "Da na kashe, Malam. Sai dai da na fita da gudu bayan na kashe."

'Yan kabu-kabu suka fashe da dariya. Yaya bai yi ba, amma na ga gemunsa ya motsa. Ya ce, "Ku tashi, za a tada salla."

A masallaci Nu'umanu ya tsaya can ƙarshen sahu, nesa da ni iyakar iyawarsa. Da aka sallame ko inuwarsa ban gani ba. Mai rake ne ya kawo min hulata da wayar Atu, tana kunne tana haske.

Yaya ya ce in raka shi. Muna tafe yana dogara sanda, ni ina bayansa kamar ɗan sha huɗu. Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Yaya, laifina ne, kar ka ɗora ma yaron. Ni na..."

"An faɗa min akwai takarda ga bango," ya katse ni. "Na ce takarda ce kawai, kowa na iya kashe ma yara. Shi ya sa na zo daidai la'asar in gani. Ban zaci zan iske ya kashe ma mai furfura ba, ga jama'a na kallo, ga furfurar na yi mai ihu." Ya tsaya ya juyo. "Da Ɗangiwa ya yi haka, da ban ja kunnenka ba. Ka ce su turo magabatansu ran Juma'a."

Na tsugunna a nan bakin titi na kama hannunsa, hawaye na zuba, mutane na wucewa suna kallon tsoho da rigar gona yana kuka. Na rubuta wa Rumasa'u, "Baffanki ya ce Juma'a su turo."

Saƙon murya ta turo. Ba magana a ciki, kuka ne da dariya, da guɗar Atu a bayanta. Sai wani ya biyo baya a rubuce.

"Baba, Nu'umanu ya ce shi da sake haɗa ido da kai sai a lahira. Wai mi ka yi mai?"

A nan murnata ta ɗan tsaya. Sai yanzu na gane abin da na jawo wa kaina. Daga Juma'a yaron nan surukina ne. In ya hango ni zai sauya hanya, in na shiga wuri zai fita. Ni da shi a benci ɗaya, an gama har abada. Shagon nan kuwa ƙafata ba za ta sake taka shi ba. Koriyar ƙofa ta sake kuɓuce min.

Mun kai ƙofar makaranta, Yaya ya sa ƙafa a zaure, sai ya dakata. Ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya.

"Na'inna. Wai in ka tsallake wutar nan, mi ke bayan ƙofar?"

"Ban sani ba, Yaya. Sau biyu kana zuwa daidai lokacin."

Ya shafa gemu.

"Ranar da na ja kunnenka," ya ce, "na daɗe tsaye bayanka kafin in kama. Tun tukunya ta farko nika kallo." Ya gyara rawaninsa. "In an ɗaura aure, ka sa Rumasa'u ta aro akwatin nan wurin mijinta. Ba gidanka za a kai ba. Nan za a kawo, ɗakina na ciki, bayan la'asar. Kuma in ka faɗa ma kowa, ɗayan kunnen zan ja."